Duwatsun da Aka Kai Kabari

Akwai wani mutum makiyayi wanda aka haifa a kan tsauni, a ƙasar da damina gajera ce, rani kuwa dogo. Ƙasar wurin ba ta da zurfi. In ka sara da fartanya, sara na fari ƙasa ce, na biyu tsakuwa, na uku sai ka ji ƙarfe ya yi kuka a kan falalen dutse. Itatuwan wurin ma, kukkuki da ararrabi, tsaguwar dutse suka samu suka cusa saiwa a ciki. Ruwan sama kuma in ya zo, baƙo ne mai sauri, ba ya zama a gaisa. Sai ya gangara kwari da duk abin da ya tarar a hanya.

Mahaifin mutumin nan yana da wani fili a gangare. Tun yana saurayi ya fara jera duwatsu a gicciye, jeri bisa jeri har bakwai, kowanne bai kai gwiwa ba. In ruwa ya gangaro sai jerin ya tare shi, ya sa shi ya sauke abin da ya ɗauko: 'yar ƙasa, busasshen ganye, kashin tumaki. Shekara da shekaru ana haka, har ƙasa ta taru a bayan kowane jeri, ciyawa ta kama. Da kaka tsohon yakan yanke ta, ya ɗaura dami dami ya rataya a kan itace. Ita tumakinsa ashirin suke ci har wata damina. Ba su da wani abin dogara.

Ana nan cikin bazara, tsohon ya kwanta ciwo. Kwana tara ya rasu.

Aka haƙa masa kabari a ƙasa da filin, ba a kai ƙugu ba aka tarar da dutse. Al'adar mutanen tsaunin kuwa, da yake kabarinsu ba ya zurfi, duk wanda ya zo binnewa sai ya ɗora dutse guda a kai, don kada kura ta tone. Haka aka yi, aka yi addu'a, aka watse.

Mutumin ya tsaya shi kaɗai yana duban tarin. Hawaye bai zo masa ba. Abin da ya gani kawai, tarin ya yi ƙanƙanta. Ya ce a ransa, “Mutumin da ya goya ni ya hau tsaunin nan da ni, wannan ne iyakar abin da ya samu?”

Kashegari ya koma. Duwatsu kam ga su ko'ina, amma shi ba kowane dutse yake so ba, sai wanda hannun babansa ya taɓa. Ya je jeri na ƙasa, ya ciro dutse, ya kai kabari. Ya sake komawa. Muddin dutsen yana kafaɗarsa, nauyin da ke ƙirjinsa yakan ɗan lafa. Saboda haka bai daina ba. Jeri ɗaya ya ƙare, ya shiga na biyu.

Yana kan na huɗu sai ga gwaggonsa, ƙanwar marigayin, tsohuwa mai kaifin baki, ta hauro da sandarta. Ta dubi kabarin, ya kai mata ƙirji.

Ta ce, “Kai ɗan nan, gini kake yi? In ɗaki ne ka gaya mini in nemo maka jinka.”

Ya ce, “Gwaggo, kabarin Baba nake gyarawa.”

“Shi ya aiko maka cewa yana jin sanyi?”

“Duwatsun nan hannunsa ya taɓa su. Kusa da shi ya kamata su zauna.”

Ta ce, “Ni ma ai hannunsa ya taɓa ni, ya sha marina muna yara. Zo ka ɗauke ni ka ɗora.”

Bai yi dariya ba. Sai ta sassauta murya, ta nuna gabas da sanda. “Dubi can, hadari ya fara leƙe. Ka bar jerin nan inda ya bar su.”

Ya ce, “Ke ba ki san abin da nake ji ba.”

Ta dube shi, ita da ta binne miji da 'ya'ya biyu a tsaunin nan. Sai ta juya ta gangara.

Ya gama na biyar, saura biyu na sama, sai ruwan fari ya sauko da la'asar. Ya fake da tumakinsa a ƙarƙashin wani dutse yana kallo. Ruwan ya wuce jeri biyun nan a hankali, kamar yadda ya saba. Da ya iso inda aka kwashe, bai sami mai tare shi ba. Mutumin ya ga ruwa ya rikiɗa ya zama ja, yana gudu, yana tafiya da ƙasar da aka yi shekara arba'in ana tarawa. Kafin rana ta faɗi, filin ya koma falalen dutse, fari kamar ƙashi.

Damina ta wuce, ciyawa ba ta fito ba sai a bayan jeri biyun. Da kaka ya yanka, damin bai kai rabin na bara ba. Rani bai raba ba ciyawar ta ƙare. Tumaki suka fara lasar dutse, haƙarƙarinsu ya fito. Wata safiya tsohuwar tunkiya, wadda takan bi mahaifinsa ba igiya, ta kwanta ba ta tashi ba.

Ya je ya zauna a gindin kabarin. Nan gwaggonsa ta same shi.

Ta ce, “To, madalla. Kabari ya yi ƙiba, tumaki sun rame.”

Ya sunkuyar da kai.

Ta zauna kusa da shi da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta ce, “Ɗana, ubanka ya yi rayuwarsa yana ɗauko duwatsun nan daga inda suke zaman banza, yana ba su aiki. Kai kuma wata guda ka sallame su duka. Ba ya cikin tarin nan, yana hannun Ubangiji. Abin da ya bari a duniya, ga shi can yana kukan yunwa.”

Ya ce, “In na kwashe, ba raini ba ne, Gwaggo?”

“Bar masa abin da zai hana kura. Sauran ka mayar.”

“Ƙasar za ta dawo?”

“Kaurin yatsa a shekara, in Allah ya ba da ruwa. Ni ba zan gani ba. Kai ma sai ka yi furfura.”

Ya tashi, ya sa hannu ya ɗaga dutsen da ke can bisa. Ashe saukewa ta fi ɗorawa nauyi, ga shi yanzu hawa zai yi da shi. A tsakiyar hanya kukan da bai yi ba ran binnewa ya zo masa. Bai ajiye dutsen ba, yana tafe yana kuka, har ya kai shi mazauninsa. Da safe ya sassabo wa tumaki ganye daga kwari, da yamma ya ɗauki dutse. Tumaki goma sha ɗaya suka ga damina, jeri biyar cikin bakwai ɗin kuma suna tsaye suna jiran ruwa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ƙasar nan marar zurfi ita ce ranmu a duniya, kaɗan ce, abu kaɗan kuma yake kwashe ta. Jerin duwatsu su ne ayyukan ƙauna da waɗanda suka riga mu suka kafa, addu'ar safe a gida, gaida marar lafiya, kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci. Tumakin su ne rayayyun da aka bar mana: uwa, ƙanne, 'ya'ya.

Ubangiji bai hana mu kuka ba. Kabari yana da hakkin duwatsunsa, mu da muka binne namu mun san haka. Amma baƙin ciki maroƙi ne da ba ya cewa ya isa. In ka ba shi yini zai nemi wata, in ka ba shi ƙarfinka zai nemi addu'arka, har ka waiwaya ka tarar gida ya zama falalen dutse, kai kuwa kana tsammani girmama mamaci kake yi.

Wanda ya tafi yana wurin da ya fi hannunka tsaro. In kana ƙaunarsa, ka duba abin da yake yi wa mutane wanda ya tsaya tun ran da aka binne shi. Ka ɗauki guda ɗaya cikin makon nan, ko da kuka ne, ka mayar da shi inda yake.