Sarki Ishaƙu da Shanun Ƙaninsa

An yi wani sarki a zamanin da, ana ce masa Ishaƙu, wanda Allah ya ba mulki da dukiya, ya kuma jarrabe shi da hassadar ƙaninsa Ciroma Tukur, mai riƙe da ƙauyukan gabas. Kowace shekara idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙone, sai shanun sarki su rame har makiyaya su riƙa tayar da wasu da hannu, alhali na Ciroma suna nan da tozonsu, nononsu bai yanke ba. Abin da ya fi cin ran sarki shi ne raɗar da ya ji fadawa na yi, wai albarkar mahaifinsu gabas ta koma.

Sai ya kira Waziri Ɗalhatu, ya ce, "Waziri, dabba ba ta ƙiba da rani sai da haram. Je ka nemo mini laifin Tukur, in ƙwace garken, in tuɓe shi. In ka dawo ba laifi, rawaninka ne zai sauka."

Waziri ya isa gabas, ya tarar da dammunan harawa jibge a kan itatuwa da rumfuna. Ciroma ya zaga da shi gonaki, ya nuna masa yadda suke shuka wake mai yaɗo a tsakanin kunyoyin dawa, su yanke harawar tun ganyenta na kore, su adana, su riƙa haɗa wa shanu da kara har ruwa ya sauka.

Da Waziri ya komo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na bincika ban sami sata ba, ban sami sihiri ba, harawar wake na samu. In aka ƙwato shanun nan, kafin damina za su koma kamar namu, domin ƙibarsu daga gona take. Ciroma kuwa ya daɗe yana son ya sanar da yayansa wannan hikima, fuska ce bai samu ba. Ga rawanina."

Fuskar sarki ta sauya. Can ya ce, "Wato ni zan nemi ilmi wurin Tukur?"

Waziri ya ce, "Ƙaninka ne, ranka ya daɗe. Tambaya kawai za ka yi."

Aka aika wa Ciroma. Ya zo a tsorace, har sai da ya yi ban kwana da iyalinsa kafin ya taso, sai ya ji yayansa, da murya ƙasa-ƙasa, yana neman irin wake. Shekarar nan aka shuka dawa da wake a haɗe a gandun sarki da gonakin talakawa, shanun ƙasar suka ƙetare rani da ƙafafunsu.

Sarki bai taɓa yabon garken ƙaninsa da baki ba, amma ya yafa wa Waziri alkyabbarsa a gaban jama'a, ya ce, "Ku shaida, sarkin da ya yanke hukunci kafin bincike, zuciyarsa yake yi wa hidima. Adalcinmu kuwa yana wuyan wanda zai iya gaya mana gaskiya."