Muryar Inna a Cikin Manhaja

Akwai wani mai haɗa manhajar waya da abokan aikinsa ke kira Mai Makulli. An taɓa warware masa wata manhaja aka kwashe aikinsa, tun daga nan ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Sai ya fara haɗa manhajar koya wa yara karatu. Mahaifiyarsu, Inna, ita ta ba da murya. Wata uku tana zama a falo, an kashe fanka saboda ƙara, tana zufa tana tatsuniya, har guda arba'in.

Ƙanwarsa Auta ce ke jera fayilolin, hotuna gefe, sauti gefe, kowanne da sunansa.

Da aka gama, ya cakuɗa rubutun manhajar yadda ba mai iya karantawa. Ya kulle sautin duka a ciki, ya ajiye makullin a kwamfutarsa kaɗai, ya goge na asalin.

"Yaya, bar mini kwafi ɗaya mana," in ji Auta.

"Ki tura wa ƙawayenki, gobe in gan shi a kasuwa? Ke dai tsaya a jera hotunanki."

Ta goge fayilolin da ke hannunta a gabansa.

Bai kai ga haɗa tatsuniyoyin da maɓallan da za a taɓa a ji su ba Inna ta kwanta ciwo. Sati biyu, Allah Ya karɓi abarsa. Ana cikin zaman makoki ruwa ya zubo ta rufi, ya jiƙa kwamfutar. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai.

Abin da ya rage shi ne manhajar gwaji a wayar Auta. Tatsuniyoyin na ciki, amma a rufe. Ya kai wa gwanaye uku. Na ƙarshen ya ce, "Gaskiya wanda ya yi wannan ƙulli ya iya aiki."

Bai taɓa jin yabo mai ciwo irin wannan ba.

Wasan haruffa kaɗai ke buɗewa, shi ne ya riga ya haɗa da muryar Inna. Yanzu kullum da yamma za ka gan shi a falon, ƙato da gemu, yana taɓa A, yana taɓa B, don kawai ya ji Inna ta ce, "Madalla, ɗana."

Darasi: Kare aikinka daga ɓarayi, amma kada tsoro ya sa ka mai da naka ɓarayi. Ka ajiye na asali, ka ba amintacce kwafi. Tura wa wanda ka san komai nasa a kwamfuta ɗaya yake.