Hannun Sarkin Gini a Maƙera

An ce wai a wani gari mai ganuwa, al'ada ce bayan damina maza su fito gyaran inda ruwa ya ci a jikin ganuwar, amma an ɗauke wa tsofaffi. A garin akwai wani dattijo, Barmo, wanda bayansa ya ranƙwafa har sai ya karkata kai yake ganin fuskar mai gaishe shi. Wata shekara ma'aikata suka yi wa Sarkin Gini Lawwali ƙaranci, shi kuwa gwanin iya baki ne, sai ya sa Barmo cikin masu ɗaukar tubali. Barmo ya san in ya hau tsanin ganuwa da kaya a ka, ba da ƙafarsa zai sauko ba. Ya dogara sandarsa har gaban Alƙali Malam Ɗahiru ya kai ƙara, aka kirawo Lawwali.

Lawwali ya ce, "Allah gafarta Malam, da can mutumin nan yana aiki tare da mu. Kwana ɗaya ba ya mai da mutum tsoho, haka ma kwanan da ya biyo shi. A nuna mini ranar da ya tsufa in sallame shi. In babu ranar, babu tsufan."

Barmo kuwa shi kansa bai san ranar ba.

Alƙali bai yi musu ba, kuma nan gwanintarsa take. Ya ja su zuwa maƙerar unguwa, ya miƙa wa Lawwali guntun ƙarfe mai sanyi, ya ce ya riƙe gindin ya sa bakin a wuta. Ya tambaye shi, "Zuga ɗaya tana zafafa ƙarfe?"

Lawwali ya ce, "Ina fa!"

"To riƙe. Kada ka saki sai ka nuna mana zugar da ta zafafa shi."

Maƙeri ya dinga zuga. Lawwali ya cije, gumi ya karyo masa, can dai ya ƙwalla ƙara ya yar da ƙarfen yana yarfe hannu.

Alƙali ya ce, "Wace zuga ce?"

"Wallahi ban sani ba, Malam."

"Amma ka ƙone?"

"Na ƙone."

"To haka tsufa yake shiga mutum. Hannunka ya shaida abin da bakinka ya musa. Baba Barmo, je ka huta, ka gama naka."

Barmo ya karkata kai ya dubi alƙali, hawayen murna na zubo masa.

Rashin ganin iyaka tsakanin abu biyu ba ya mai da su abu ɗaya.