Raɓa a Kan Gicciyen Rozaliya

Shekara bakwai Walenti ya yi yana haƙar kwal a yammacin Jamus. Da ya dawo ƙauyensu a Silesiya, yankin masu jin Polanci da ke ƙarƙashin mulkin Jamus, sai ya tarar hukuma ta sake wa garin suna, an rufe makarantar Polanci, an sare itaciyar bakin rijiya, mahaifiyarsa Rozaliya kuma ta rasu tun bara waccan. Abin da bai sake ba shi ne Fada, limamin cocinsu, bawan Allah salihi, masani mai zurfin karatu, zahidin da ya yi furfura yana tsayuwa a majalisar gunduma domin a bar mutanensa su roƙi Ubangiji da harshen iyayensu, Allah Ya ƙara masa daraja.

Walenti ya nufi maƙabarta, ya iske an kankare rubutun Polanci daga kowane gicciye an bi da baƙin fenti, kaburbura sahu-sahu babu suna ko ɗaya. Ya tambayi tsoho Ignasi mai haƙar kabari ina na mahaifiyarsa, tsohon ya sosa ƙeya.

"Ko nan ne, ko can. Kai da ba ka zo jana'iza ba, yau ni za ka tsare da ido?"

Walenti ya tafi wurin Fada, kunya ta hana shi ɗaga kai. "Uba, jibi zan koma. A ina zan kunna mata kyandir?"

"Ka zo da sassafe, ɗana. Wanda Ya rubuta sunanta a wurinSa bai kankare ba."

Washegari sanyi ya sauka, raɓa ta daskare a kan komai. Fada ya durƙusa a ƙofar maƙabarta, ya daɗe ƙwarai, har Walenti ya rasa gane ko limamin a farke yake. Da rana ta ɓullo raɓar ta soma narkewa, amma ta tsaya fari fat a gurbin haruffan da aka kankare, sunaye suka riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran su. Na uku daga katanga, Rozaliya.

Ignasi ya cire hula. "Ai dama nan na ce."

Fada ya miƙe a hankali. "A kira jama'a, kowa ya karanta nasa kafin rana ta yi zafi."

Da yamma, da ɗigon kyandir a yatsunsa, Walenti ya ɗaure jakarsa, ya je ya durƙusa gaban Fada.

"Uba, a sa mini albarka."

"Ƙafarka ba ta zama wuri ɗaya. Je ka, yanzu ka san inda za ka dawo."

Allah Ya saka wa wannan bawa naSa da mafificin alheri, Ya yayyafa mana albarkarsa, mu da muke nesa da gida. Amin.