Ragon Manoman Rafin Gamji

Ku matso, ku bar gardamar ƙwallon nan, ga wadda ta fi ta.

A Rafin Gamji, ruwan noman rani ta waya ake buɗe shi. Manomi ya saka sunansa da kalmar sirri a manhaja, saba, wato babbar kwamfutar da ke raba ruwan, ta karanta, ta gane shi, ta sakar wa gonarsa ruwa. Sai dai mutanen garin ba su saba ɓoye wa juna komai ba. Duk suka danƙa kalmominsu ga mai cajin waya, yana shigar musu a wayarsa. Wayar kuwa ta riƙe sunan wanda ya fara shiga, Alhaji Barau. Kowa ya nemi ruwa, gonar Alhaji ke sha. Tasa ta zama tafki, shinkafar jama'a tana ƙonewa.

Ɗantani, mutumin da bai taɓa fita babu guga a hularsa ba, ya rantse shinkafar nan ba za ta mutu ba. Ya kira ƙannensa biyu, Jummala da Sabitu, masana kwamfuta.

Jummala ta gyara manhajar, ta hana ta riƙe sunan kowa. Duk mai neman ruwa, sai ta aika sunansa da kalmarsa a kulle, yadda ba mai karanta su a hanya.

Sabitu ya zauna a kan saba, ko abinci bai waiwaya ba, har ya sa ta daina yarda da waya don ta san ta. Kowace buƙata ta zo, sai ta buɗe, ta tantance mai ita.

Saura manoma su zo kowa ya zaɓi sabuwar kalma. Suka ƙi, wai wannan zargin juna ne. Ɗantani ya karkata hula, ya bi majalisa-majalisa yana raɗa: “Baba, wanda bai zo ba, na ji ana cewa surukinsa za a ba ruwansa.” Kafin la'asar layi ya kai bakin kasuwa. Ruwa ya shiga kowace gona.

Manoma suka kawo rago ɗaya, suka ce na wanda ya ceci shinkafa ne.

“Yaya, ƙarya fa kawai ka yi,” in ji Jummala.

“Kawai? Ke yi irinta mu gani! Ni da na zubar da girmana a gari, ko ruwan sanyi ba wanda ya ba ni!” Yana faɗa yana laluben igiyar.

To, jama'a, a hannun wa za a saka igiyar ragon nan?