Kunkuru Ya Je Wa Giwa Ban Gajiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Dila ne ya buɗe gwanjo a waya. Ya sa hoton wata jar hula, Kunkuru ya taya naira ɗari, aka sallama masa. Yana cikin murna sai ga saƙo: kuɗin dako dubu biyar.

Ya kira shi ya ce, "Malam Dila, hula ce fa, ba turmi ba."

Dila ya ce, "Ai Giwa ce za ta kawo maka har gida. Manya ba sa aikin araha."

Kunkuru ya sayar da geron da ya ajiye don damina, ya biya. Bayan sati uku ya tsinci hula yashe a ƙofar gidansa.

Shi kuwa Kunkuru ba a yi masa wahala ya ƙi zuwa ban gajiya. Ya kafa hularsa, ya yi tafiyar kwana biyu, ya durƙusa gaban Giwa.

"Ranki ya daɗe, ina gajiyar dako?"

Giwa ta ce, "Wane dako?" Kunkuru ya kwashe labarin hular ya faɗa mata.

Tsattsewa daga kan reshe ta ce, "Ni na kai. Ƙwayar gero uku Dila ya ba ni."

Giwa ta ɗora Kunkuru a baya, sai rumfar Dila. Ta naɗe Dila da hanci, ta girgiza shi har dubu biyar ɗin suka zubo, ta cilla shi tsallaken kogi, cikin ƙaya.

Ta ce wa Dila, "Kai naka dakon kyauta ne."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare.