Kwalba Mai Jan Murfi

Akwai wani tsohon direban motar haya da ya ajiye sitiyari, ya koma zama gidan ɗansa. Shekara talatin a kan hanya sun mai da shi mutum mai tsantseni da abin sha.

Matar ɗan nasa gwana ce wajen haɗa garin cakulan. Takan tankaɗe garin mai ɗaci da sukari da madarar gari har sau uku, ta sa kirfa da ɗan gishiri, ta ɗanɗana a bakin cokali kafin ta cika kwalba. Kowace safiya ƙamshin ke tashin gidan.

Sai tsohon ya lura kwalaben biyu ne. Kowa daga mai shuɗin murfi ake dama masa, shi kaɗai daga mai ja. Wata rana ya leƙa kicin, ya gan ta tana juye wani farin gari daga leda marar rubutu cikin tasa kwalbar.

Daga ranar ya daina shan nasa. In ta kawo kofi sai ya ce, "Sannu, 'yata," tana juya baya ya tuttular a tukunyar fulawa. In ta fita aiki, ya dama na mai shuɗin murfi ya sha abinsa.

Kwana huɗu, cikinsa ya ɗauki ƙugi kamar tsohon inji. Ya wuni yana safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki.

Da ɗan ya dawo, ya tarar da jakar uban a bakin ƙofa.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda ba a ware mini kwalba. Tambayi matarka me take zuba mini."

Matar ta ɗauko ledar, ta ɗebi cokali guda ta lasa a gabansu.

"Garin madarar kwakwa ne, Baba. Tun zuwanku na lura madarar shanu ba ta karɓar cikinku. Nauyin faɗa muku na ji, shi ya sa na canza muku kawai." Ta dube shi da damuwa, ganin yadda ciwon ciki ya galabaitar da shi. "Amma naku ba ya kawo ciwon ciki. Me kuka ci?"

Tsohon ya kalli silin. Ɗan ya ɗaga kwalba mai shuɗin murfi, ya ga ta yi rabi.

"Ashe ɓeran gidan nan da lasisin tuƙi yake yawo!"

"Rufe mini baki, ja'iri." Tsohon ya tura jakar cikin ɗaki da ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa. "'Yata, na zalunce ki a zuciyata. Ki yafe mini. Dama mini nawa, a gabanki zan shanye."

Darasi: Zargi kan sa mutum ya zubar da alherin da aka yi masa, ya ɗauko cuta da hannunsa. In ka ga abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani ya kwance jakarsa.